Farin Garin da ke Kan Tagar Baba

Calgary, 1 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Myron,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Baba da Gwaggo Paraska, da shanunka da ka fi so a kan kowa. Ni lafiyata lau, in ban da hancina da ke tsattsagewa saboda bushewar iskar garin nan. Yaya tarin Baba? Ka ce da sauƙi, amma na san ka, ko kanka aka fasa da sauƙi za ka ce. Na kira gida ran Lahadi, Baba ya ɗauka, ya yi ta "wa ke magana?" har ya gaji ya ajiye. Shi kunne babu, kai kuma in'ina ba ta barin ka a waya, shi ya sa duk sashenmu ni kaɗai ce har yau nake sayen kan sarki.

Ka tuna farin garin nan da na kawo wa Baba a 'yar kwalba lokacin yankan ciyawa? Wanda ka ce shekara biyar na yi a jami'a ina koyon yin gishiri? To bari in sake yi maka bayani, kuma wannan karon ka karanta har ƙarshe. Kowace ƙwayarsa gini ce. Ƙarfe a kusurwoyi, wani sinadari ya ɗaure su, tsakani kuma ramuka ne a jere waɗanda ido ba ya gani. In iska na da laima, sai ruwa ya shiga ramukan ya yi layi. Daga nan firoton, ɗan mitsitsin abin da ke ɗauke da wutar haidurojin, ya riƙa wucewa daga wannan ɗigo zuwa wancan, kamar yadda muka miƙa bokiti hannu da hannu ranar da ɗakin ciyawar maƙwabta ya kama wuta. In yana wucewa da sauri, wata rana za a yi maka tarakta wadda ba ta shan mai, ruwa kawai za ta riƙa fitarwa ta salansa.

Saurin nan nake so in auna. Na matse garin ya zama ƙwaya kamar ta asfirin, zan sa ta cikin akwati mai zafi da tururi, da waya biyu a jikinta. Akwatin ɗaya ne tak, tsoho ne, kullum sai an zuba masa ruwa da hannu, kuma layi ake yi masa. Amma da hutun nan kowa zai watse. Na ce musu su je su ci talotalonsu, mu tamu Kirsimetin a tsohuwar kalandar cocinmu sai daren shida ga Janairu. Malamina Dokta Abernethy ya miƙo mini makulli. Shekarar ƙarshe ke nan, Yaya. In ban fito da wani abu ba, wahalar ta tashi a banza.

Na yanki tikitin Winnipeg na biyar ga wata, ka zo ka ɗauke ni. Ka ce wa Gwaggo kada ta kuskura ta jiƙa alkamar kutiya, abincinmu mai zuma na daren Kirsimeti, ba na nan.

Ƙanwarka,
Orysia

Gona, Ethelbert, 10 ga Disamba

Malama 'yar auta,

Na gaishe ki. Wasiƙa ta iso, na karanta har ƙarshe. Gwaggo ta karanta wa Baba a kunnen dama, da ƙarfin da ya sa kare ya fita waje.

Muna nan. Saniya ɗaya ta zame a ƙanƙara ta karye, na yanka ta. Sanyi ya kai inda ya saba kaiwa.

Baba. Na kai shi asibiti a Dauphin, suka zuƙe masa ruwa a huhu, ya kusa cika kwalbar madara. Sun so su riƙe shi, ya ce shi yana da gida. Yanzu a kicin yake kwana, a zaune kan kujera, don in ya miƙe numfashi ba ya zuwa. Gwaggo ta kwaso kayanta ta dawo nan. Ta ɗora babbar tukunya a murhu, tana tafasa ba tsayawa don tururin ya buɗe masa ƙirji. Gilashin taga har zufa yake yi, ni kuwa in na shigo daga garke gilashin idona sai ya rufe.

Kwalbarki na kan tagar kicin kusa da hoton Mama. Duk wanda ya shigo sai ya buɗe ya nuna masa, har mai kawo gas bai tsira ba. "'Yata ce ta gina wannan, akwai ɗakuna a ciki." Mutumin ya leƙa, ya ce lallai kam. Garin nuna wa mutane har murfin ya ɓace.

Bana bai shuka tafarnuwa ba. Ya ce in ba Gwaggo irin.

In akwai yadda za ki zo kafin biyar ga wata, ki zo. In babu, to. Baba ya ce in soke wannan layin, ban soke ba.

Myron

Calgary, 19 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Wasiƙarka ta tayar mini da hankali, na kira Gwaggo nan take, ta ce yana cin abinci, yana kuma yi mata faɗa a kan gishirin miya. Mutumin da ke faɗa da Gwaggo ai da sauran ƙarfinsa. Batun tafarnuwa kuwa madalla, gwiwoyin nan sun daɗe suna neman hutu. Sannu da asarar saniya.

Yanzu ka zauna. Makon farko lambar saurin da nake aunawa ta kwanta ƙasa, har na fara tunanin in nemi aiki a shagon takalma. Sai a mako na biyu ta ɗaga kai. Kullum in na zo da safe na zuba ruwa na duba, ta fi ta jiya. Ta wuce duk abin da aka taɓa samu a sashenmu, tana ma neman kamo abin da manyan kamfanoni ke taƙama da shi. Jiya ni kaɗai a ginin nan na yi rawa a gaban akwati, da hular sanyi a kaina.

Ga inda wuyar take. A aikinmu ba a rubuta lamba tana tafiya. Sai ta tsaya cak, kwana uku a jere, sannan ta zama taka. In na kashe akwatin, ko ruwan ya ƙone, ƙwayar za ta bushe ta tsage, kuma yin wani garin wata huɗu ne. Babu kowa a nan da zan bar wa. Don haka kafin biyar ga wata ba zai yiwu ba, ka yi haƙuri. Ta kusa tsayawa, na ji a jikina.

A ƙa'ida ƙwaya biyu ake sawa, tagwaye. A tsakiyar hanya a ciro ɗaya, a daka, a haska ta da na'urar eksire a ga ko ginin yana nan. Ni garina bai kai biyu ba. Dokta ya yi tsaki a waya daga gidan surukansa, ya ce shi ba ya son aiki babu 'yar tagwai. Na ce masa na jiƙa garin nan kwana biyu tun watan Mayu bai yi komai ba. Ka ce wa Baba 'yar tagwaina ita ce a kan tagarsa, ya riƙe mini ita da kyau, duk duniya babu ta uku.

Ka sumbace mini shi a goshi, in ya yarda.

Orysia

Gona, 27 ga Disamba

Malama,

Gaisuwa. Mun ji labarin lamba, Baba ya sa an maimaita masa sau biyu. Ya tambaya ko za a sa sunanki a jarida. Na ce ƙila. Da aka zo maganar 'yar tagwai sai ya sunkuyar da kai. Washegari na shigo na same shi tsaye a taga da cokali a hannu, ya ce in je in duba shanu, alhali daga wurinsu nake.

Shekaranjiya ya tashi da kansa. Ya yi aski, ya ci naɗin kabeji biyar. Ya sa na ɗora shi a mota muka zaga garke, ya kira kowace saniya da sunanta, har wadda na yanka. Ya sa Gwaggo ta kawo alkamar kutiya ya tsince ta da hannunsa, tsakuwa ɗaya bai bari ba. Da yamma ya ce a kira Fada Yarema, suka rufe ƙofa suka daɗe. Ya cire agogonsa ya ba ni, wai yana yi masa nauyi. Gwaggo ta je ta ciro baƙar kwat ɗinsa ta goge ta rataye.

Ga nasa saƙon, yadda ya faɗa haka na rubuta:

"Orysia, kada ki bar aiki a tsakiya saboda tsoho mai tari. Ni ban taɓa barin saniya tana naƙuda na tafi biki ba, ko bikin Paraska a makare na je, ki tambaye ta. Ki gama abinki ki zo. Ki riƙa cin abinci mai zafi."

Nasa ke nan. Nawa kin riga kin ji shi.

Zan kasance a filin jirgi ran biyar.

Myron

Calgary, 2 ga Janairu

Yaya na kaina,

Barka da sabuwar shekara. Wallahi ka sauke mini dutse daga ƙirji. Mutum ya ci kabeji biyar, ya zaga garke, har an goge masa kwat ta zuwa coci, kai kuma kana rubutu kamar an aiko ka ta'aziyya. Kai dai ba ka iya ba da labari mai daɗi ba tun muna yara.

Na riga na faɗa wa Gwaggo a waya, amma ga dalilin a rubuce don kada ka ce na raina ka. Lambar ba ta tsaya ba tukuna. Hawan ya ragu, da alama nan da mako ɗaya za ta zauna. In na tafi ran biyar, na zubar da aikin wata guda a bakin ƙofa. Mutane sun fara dawowa daga hutu, amma ba zan miƙa wa wani abin da na yi reno ni kaɗai ya manta da shi ba. Na mayar da tikitin zuwa sha takwas ga wata, in sami bikin tsarkake ruwa, in riƙe wa Baba hannu zuwa bakin kogi ya ga gicciyen ƙanƙara. Gwaggo ta ce kawai "yadda kika gani." Ka san Gwaggo.

Kada ka yi mini fuskar nan, ina ganin ta daga nan. Baba da bakinsa ya ce in gama. Kirsimeti tana dawowa kowace shekara, wannan kuwa sau ɗaya ne. Ku ajiye mini kutiyata.

Orysia

Gona, 7 ga Janairu

Orysia,

Muna nan, in za a kira wannan lafiya. Gwaggo ta faɗa mana. Wasiƙar bayaninki ba ta iso ba, ba na ma jiran ta.

Jiya muka yi jibin daren Kirsimeti. Hango tauraron farko kafin a fara ci aikin auta ne, da babu ke sai Baba ya sa na juya masa kujera wajen taga, yana goge zufar gilashin da hannun riga. Shi ya gan shi. Gwaggo ta jera abinci sha biyu kamar kullum, wa mutum uku, ɗaya ba ya iya haɗiya. Ta ajiye farantin Mama a wurinsa da cokalinta, kamar yadda ake yi wa mamaci. Baba ya dubi farantin ya ce mata, "Paraska, baɗi faranti biyu za ki sa, kada ki ba ni mai tsagin nan." Ta ce ya rufe mata baki ya ci abinci.

Da aka zo jefa kutiya a rufi don a ga ko za ta manne, alamar shekara mai albarka, ya ɗebo, ya ɗaga hannu, hannun bai wuce kafaɗa ba. Ta zube masa a cinya. Ya yi dariya ya miƙo mini cokalin, ya ce, "To mai gida, naka ne." Na jefa. Ban duba ko ta manne ba. Ya sa aka ɗebe miki naki kason aka sa a firiza.

Gwaggo ta ce kin ji daɗi an goge masa kwat ta zuwa coci. Orysia, a gidan nan kika girma. Yaushe kika ga an goge wa Baba kwat don zuwa coci? A cikinta za a binne shi. Mama ma haka ta tashi ta wanke labule ta yi mana biredi, mako bai zagayo ba sai ta rasu. Kina aji huɗu, ƙila kin manta. Ni ban manta ba, kuma na ɗauka in na jera miki abubuwan za ki gane, tunda ke ce mai karatu. Ya sa ni da Gwaggo mun yi masa alkawari ba za mu ce miki ki zo ba. Ita tana riƙe da nata.

Sau biyu na buga miki ran Juma'a. Kin ce "halo, halo," sunanki ya maƙale mini a wuya, na yi ta fama har kika ajiye. Kin ɗauka layi ne ya lalace.

Haushinki nake ji, ba zan ɓoye ba. Ki zo. Ki bar ruwan ya ƙone.

Myron

Calgary, 25 ga Janairu

Yaya,

Na iso lafiya. Yaya haƙuri, yaya ƙafar Gwaggo? Mako guda muna gida ɗaya, abin da ya haɗa mu bai wuce "miƙo gishiri" ba, to bari in koma inda muka iya magana.

Wasiƙarka ta bakwai ga wata a ƙarƙashin ƙofa na same ta da na dawo daga jana'iza. Ta iso bayan Gwaggo ta kira ni ran goma ta ce Baba ya rasu. Na karanta ta a tsaye da jaka a kafaɗa. Na tuna kiran nan guda biyu. Har tsaki na yi.

Ranar da zan taho na gaya wa Dokta, ya ce in tafi, shi zai riƙa zuba ruwan. Haka kawai. Ashe tun farkon Janairu tambaya ce kawai ban yi ba.

Na dawo na tarar lambar tana nan tana hawa. Ban ƙara jira ba, na kashe akwatin na buɗe. Ƙwayar da na sa mai tauri, na taɓa ta sai ta manne wa ƙarfen da ke hannuna kamar ƙullun biredi. Muka kai ta na'urar eksire. Gini mai kyau layinsa tsini-tsini yake fitowa, wannan kuwa ya fito a shimfiɗe. Babu gini, Yaya. Tururin ya ci shi a hankali, sinadarin da ya ɗaure ƙarfen ya kwance ya zama ruwan asid, firoton kuma yana ta iyo a cikin kududdufi. Duk lokacin da wani ɓangare ya rushe, sai lambar ta ƙaru. Dokta ya ce tun ranar da ta fara hawa, a mako na biyu, abin ya soma mutuwa. Ba za ta taɓa tsayawa ba sai ya ƙare. Abin da na yi wa rawa ke nan.

Da ina da 'yar tagwai da na sani tun kafin ashirin ga Disamba. Da na kashe akwatin na taho, na yi kuka a kicin, Baba ya yi mini dariya, na ga tauraron. Ba na iya cin abinci, ba na kuma iya daina lissafa wannan.

Roƙo ɗaya. Kwalbar da ke kan taga ita kaɗai ta rage daga garin. Na gan ta da na zo, garin fari tas, na kasa taɓawa. Dokta ya ce in muka haska ta muka nuna yadda ginin yake kafin ya rushe, za a iya rubuta wani abu ko yaya, in gama. Ka ɗaure bakinta da leda ka aiko mini.

Ka yafe mini in za ka iya.

Ƙanwarka,
Orysia

Gona, 4 ga Fabrairu

'Yar auta,

Na gaishe ki. Ƙafar Gwaggo da sauƙi, da gaske wannan karon. Shanu sun fara haihuwa, biyu sun sauka lafiya. Ki ci abinci.

Na daɗe ina juya ko in rubuta wannan. Amma ɓoye-ɓoye ne ya kawo mu nan, ba zan ƙara ba.

Ba zan aiko kwalbar ba, don garinki babu shi. Tun kafin wasiƙarki ta biyu ta iso ya lalace. Tukunyar Gwaggo na tafasa, kwalbar ba murfi. Ya fara dunƙulewa, sannan ya zama wani ruwa mai yauƙi a gindin kwalbar. Baba ya gani, ya daina nuna wa baƙi, ya tura ta bayan hoton Mama. Ya ɗauka laifinsa ne da ya ɓatar da murfin. Da Gwaggo ta karanta masa cewa duk duniya babu ta uku, da kin ga fuskarsa kuwa, kamar yaron da ya fasa tagar coci.

Ranar da na ce miki na same shi a taga da cokali, ban tafi wajen shanu ba, na tsaya a ƙofa. Ya wanke kwalbar, ya goge ta da tsumma, ya zuba gishiri. Da ya gan ni ya riƙe mini hannu ya ce kada in rubuta miki. Ya ce yarinyar ta sha wahala, kada ta ji ubanta ne ya lalata mata abu. Ni ma haka na ɗauka. Ban san cewa abin da kike nema ki sani ke nan ba, yana gabanmu muna shan shayi.

Layi ɗaya ne, Orysia. Na ba ki labarin saniyar da ta karye, na ba ki na kabeji, wannan ban rubuta ba. To batun yafiya, ban san wa zai yafe wa wa ba.

Addu'ar kwana arba'in ranar sha takwas ga wata ce. Zan zo filin jirgi. Kutiyarki tana firiza.

Kwalbar na nan inda ya bar ta, ban taɓa ba. Ya zuba gishirin daidai inda garinki ya tsaya, har da babban yatsa ya auna. Sau biyu ya tambaye ni ko za ki gane. Na ce masa ba za ki gane ba.

Yayanki,
Myron